Gidan Bakin Kwalbati

Shekarar da ciwon ƙafa ya kwantar da Inna, na ɗauko ta daga Tamawa zuwa Dutsin-Ma, inda nake koyarwa a firamare, don ta kusanci asibiti. Ɗakin da muke ciki ni da maiɗakina ya yi mana kaɗan, sai na shiga neman gida. Lokacin ɗalibai sun cika gari, haya ta yi wuya, duk mai ɗan fili ya aza bulo a kai.

Dillali ya kai ni wani gida a bakin kwalbati, ciki da falo da wani ɗaki a tsakar gida, katangarsa ta sha farar ƙasa. Mai gidan wani Alhaji ne ɗan Birchi, mai sayen hatsi a kasuwanni. Ya tarbe ni da fara'a, ya ce, "Malam, ai ku ne iyayen 'ya'yanmu. Ka shiga ka gyara yadda kake so, gidanka ne." Kuɗin shekara biyu ya nema a dunƙule, na biya.

Na kuwa gyara. Aka yi wa ɗakin Inna daɓen siminti, aka rage tudun ƙofar don ta iya fita da sanda, aka gina mata banɗaki a kusa. Maiɗakina ta sayar da tumakinta muka jawo wuta, ta kafa injin markaɗe a zaure. Asibiti kuwa ga shi nan kusa, duk ranar wankin ciwo sai in ɗora Inna a babur. Ƙafar ta fara kamewa, har tana fitowa ta zauna tana tsince wa matan unguwa wake.

Da damina ta kankama, ruwa ya wanke farar ƙasar katanga. Wata safiya na fito zan tafi makaranta, sai na ga jan fenti ya bayyana a jikin bango, ƙatuwar alama da rubutun cewa za a rushe. Na tambayi maƙwabcina mai gyaran keke. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Tun bara aka yi shi, Malam. Alhaji ya ce mana ya daidaita da hukuma."

Na sami Alhaji a rumfarsa ana auna masara. Ko tashi bai yi ba. Ya ce, "Barazana ce kawai, ka je ka kwanta."

Ban kwanta ba, ofishin masu tsara gari na wuce. Ma'aikacin da na tarar bai ɓoye mini komai ba: gidan ba shi da izinin gini, a kan hanyar ruwa yake, kuma an sha aika wa mai shi. Na ce, "To, ni da na biya haya na kuma kashe kuɗin gyara fa?"

Ya ce, "Malam, ginin da ba shi da izini ba a biyan diyyarsa. Haƙƙinka yana wuyan wanda ya ba ka haya yana sane. Ka kai shi kotu. Mu dai za mu ba ka lokaci ka kwashe kayanka."

Lokacin ya ƙare ban sami wani gida ba. Ranar da katafila ta zo, a kujera muka ɗauko Inna muka ajiye ta ƙarƙashin darbejiyar maƙwabta. Tana kallo aka ture ɗakinta. Sai ta tambaye ni ko na ɗauko mata butarta.

Tamawa na mayar da ita, maiɗakina ta bi ta. Hanya ta ɓaci da ruwa, zuwa asibiti ya zama sai an dace. Ciwon ya dawo ya fi na da. Kafin a yanke gero ta rasu. Na san ajali ne, ba na jayayya da wannan. Amma na san wanda ya raba ta da ƙofar asibiti.

Alhaji ya zo ta'aziyya da babbar riga. Bayan addu'a ya dafa ni, ya ce, "Haƙuri, Malam. Ni ma ka ga asarar gidan da na yi." A kan tabarmar nan na ƙudurta cewa ba zan bar shi ba.

Na kai shi kotu. Alƙali ya saurari maƙwabcina da maginin da ya yi mini gyara, ya ce a dawo mini da ragowar haya da abin da na kashe a gyara. Alhaji ya biya a gutsuttsure, yana yi yana gaya wa mutane wai malamin makaranta ya kasa haƙuri da ƙaddara. Kuɗin sun shigo, zuciyata ba ta huce ba.

Ana nan sai na ji yana gina jerin shaguna a Kurfi, a bakin titi kusa da kasuwa. Na je na duba da idona. Barandar ta ci hanya, ko makaho zai shaida. Na bincika, babu izini. Kafin in kai ƙara sai da na nemi waɗanda suka riga suka ba da kafin alƙalami, wani tela da wani mai sayar da magani, na ba su labarina tun daga farko. Suka je suka tsare shi sai da ya mayar musu da nasu. Sannan na rubuta ƙorafi da sunana, na kai wa masu tsara gari da hannuna. Ban so ya yi ta tunanin ko wane ne ba.

Da aka shafa wa shagunan jan fenti, sai ya turo mini limamin unguwarsu tare da kawuna, ƙanen Inna. Kawu ya ce, "Ɗana, ka janye. Ita ta riga ta tafi, wannan ba zai dawo da ita ba."

Na ce, "Kawu, na sani. Amma ko na janye, ginin nan a kan hanya yake. Kuma ba zan janye ba."

Liman ya yi mini nasiha a kan yafiya. Na saurara har ya gama, na raka su bakin hanya.

Ranar rushewa na nemi izini a makaranta, na hau babur zuwa Kurfi. Na sayi rake na zauna a kan benci a tsallaken titi. Katafila ta fara da shagon ƙarshe, kwano yana ƙara, sababbin ƙofofin ƙarfe suna lanƙwashewa. Alhaji yana ta kai da kawowa da waya a kunne, hula a karkace. Can ya hango ni. Ya tsallako, ya ce, "Malam, yanzu ka ji daɗi?"

Na tofar da ɓawon rake, na ce, "Na ji, Alhaji."

Ban tashi ba sai da aka share wurin.

Kawu ya daɗe ba ya amsa gaisuwata da sakin fuska. Maiɗakina kuwa da na ba ta labari, cewa ta yi da ma na tafi da ita. Har yau muna haɗuwa da Alhaji a kasuwa. In ya yi sallama ina amsawa, domin wajibi ce. Daga nan ba na ƙara ko kalma.