Tsingaro a Daɓen Madafi

Daga Gaya aka kawo ni aure Toranke, zamanin da fatake masu kanwa ke ratsa garinmu da jakuna, tun ba wanda ya taɓa ganin Nasara a ƙasar nan. Gidan da na shiga ba yawan mutane: maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Inna, sai awaki da suka fi mu baki. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne madafin gidan. Wani ɗan zagayayyen ɗaki ne gajere, jinkarsa ta yi baƙi ƙirin da kunkunniya, ƙasansa duk tudu da kwari. Ni kuwa a madafin uwata na tashi, mai daɓe sumul, wanda in waina ta faɗi sai a ɗauka a hure a ci. Na ƙudura a raina wata rana sai na yi irinsa.

Miya ta Inna ce. Ni zan yi daka, in tuƙa tuwo, amma tukunyar miya ba mai taɓa ta sai ita. Tun kafin zuwana yanar ido ta fara rufe mata gani, kuma kowace shekara abin gaba yake yi. Kowa ya sani, ba mai faɗa, ita ma ba ta taɓa faɗa ba. A cikin madafin nan dai ba za ka gane ba. Hannunta na bin bango, inda ya goge har ya yi sheƙi. Ƙafarta ta san ɗan kwarin da ke gaban murhu. Tana miƙa hannu sama ta sauko da daddawa daga ragaya, bakinta bai fasa yi mini faɗa a kan itacen da na ɓarnatar ba.

Ƙofar madafin gabas take kallo, ruwan sama kuma daga nan yake zuwa. Wata damina gefen ƙofar ya jiƙe ya zube. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Maigida ya ce a lallaɓa da zana, in an yi kaka zai kira wani magini daga Gafasa a rushe a tayar da sabo.

Ni a zatona kafin wata ya mutu na shiga sabon madafi. Ashe ban san gini ba, ban kuma san magina ba. Sai an kwaɓa ƙasa an bar ta ta ruɓe. Sai an yi tubali ya bushe. In an ɗora kaɗan a tsaya, kada ɗanye ya hau ɗanye. Tsakanin wannan da wancan kuma magini yana da sussukarsa, yana da sunan jikarsa, yana da gaisuwar mutuwa a garin da ban taɓa jin sunansa ba. Kullum na tambayi maigida sai ya ce mutumin ya ce gobe in Allah ya kai mu. Allah ya yi ta kai mu, magini ne bai iso ba.

Maginin ne ya ce wa maigida muddin ƙofar na gabas, ruwa zai sake cin ginin, a mayar da ita yamma, murhu ma a sauya masa gefe. Gaskiya ya faɗa. Na yi na'am, don ƙofar za ta kalli ɗakina. Da aka gaya wa Inna, "To" kawai ta ce.

Muka koma girki a gindin kurnar tsakar gida, an kewaye da zana. Duk inda na zauna hayaƙi ya biyo ni, kaji na leƙa mini ƙwarya. Ina ƙorafi, Inna na cewa 'yan birni ba su da ƙashin wahala. Wata rana da la'asar ta zo haɗa miya, ƙafarta ta yi karo da tukunyarta, wadda ta zo da ita gidan tun tana amarya. Tukunyar ta tuntsura kan dutsen murhu ta dare. Inna ta tsaya cak. Can ta ce awakin nan sai an ɗaure su. Ba akuya ko ɗaya a wurin, amma na ɗauki kara na je bayan rumbu na kori wadda ke kwance tana tuƙa.

Daga ranar ta ce bayanta ke ciwo. Miya ta dawo hannuna. Takan ci loma kaɗan ta ture akushi, ba ta ce gishiri ya yi yawa ba, ba ta ce kuka ta yi gudaji ba. Wannan shirun ya ba ni tsoro. Matar da ko ruwa na kawo mata sai ta sami abin cewa, ta koma zama a ƙofar ɗaki tana jan tasbaha, wuyanta na ƙara tsawo.

Gini ya kai, aka ɗora sabuwar jinka, saura daɓe. Ya yi kyau, har taga aka fitar mini. Wata rana da hantsi, tana zaton na tafi rijiya, na ga Inna ta tashi ta nufi madafin ta tsohuwar hanyarta. Ta isa inda ƙofa take a da, ta miƙa hannu, ta tarar da bango. Ta shafa dama, ta shafa hagu. Sai ta gyara mayafinta ta juya, kamar wadda ta fito shan iska. Ina tsaye bayan zana da tulu a kaina, na ji madafin duk ya fita raina.

Na yi wa maigida maganar. Ya ce ƙofa dai ba za ta koma ba, kuma watakila hakan ya fi, tsohuwa ta huta da wuta. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma na kwana biyu ina amsa masa sama-sama. In kama hannunta in kai ta kuwa, na san gara mata yunwa.

Ranar daɓe matan unguwa suka zo da madaɓansu. Aka baza tsakuwa, aka jiƙa makuba a kwatarniya, wadda ake yayyafawa daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi. Daɓen da nake mafarki tun ina amarya ke nan. Ni kuwa na riga na tara tsingaron tukunyar Inna, na ƙara da wasu daga juji, na goge bakinsu a dutse don kada su yanki ƙafa. Na roƙi matan su ja daɓen ɗan siriri har ƙofar ɗakin Inna. Sannan na durƙusa ina dasa tsingaron a jere, bayansu sama: daga ƙofarta, a zagaya ginin, a shiga sabuwar ƙofa, har gaban murhu, da reshe ɗaya zuwa randa.

Matan suka yi ta dariya, wai na ɓata daɓe da hannuna, shara za ta riƙa maƙalewa. Na ce ado ne, haka ake yi a Gaya. Wata da ke da 'yar'uwa a can ta ce ita ba ta taɓa gani ba. Na ce sabon yayi ne, ta jima ba ta je ba. Maganar shara kuwa gaskiyarsu, har madafin ya tsufa tsintsiyata na tuntuɓe a wurin. Kuma da aka gama na dubi wannan layi kamar tabo a fuska, sai da na ji ƙwalla.

Daɓe ya bushe. Na kafa murhu, na sayi sabuwar tukunya, na rataya ragaya daidai tsawon hannunta. Ban ce mata komai ba. Da la'asar na shiga na hura wuta, ina jin ta ta fito alwala. Sai na ji takunta ya tsaya. Ta daɗe a wurin, tana murza tafin ƙafa a kan tsingaro na farko. Daga nan takun ya ci gaba, a hankali, ya zagayo, har inuwarta ta rufe ƙofar.

"Ke, mene ne wannan a ƙasa?"

"Ado ne, Inna. Irin na Gaya."

"Na Gaya," in ji ta. "Daddawar da kike sa mana kwanan nan, a ina kike samo ta? Ko loma biyu ban yi ba sai ta gundure ni."

Na ce wadda ta saba saya ce. Ta ce to hannu ne. Ta tako ciki, ta miƙa hannu sama ta taɓa ragaya, ta sauke. Ta ƙara taku, sai ƙafarta ta ci karo da tawa, don ina tsaye a kan layin ban sani ba.

"Matsa mana, 'yar nan," ta ce. "Kin tsaya mini a hanya."

Na matsa. Ta wuce gaban murhu ta zauna, ta ce in miƙo mata maburgi.