Halleluyar da Mama Ba Ta Ji Ba

A cocinmu na Katolika da ke Kalgo, da an shafa mana toka a goshi ranar fara azuminmu, shi ke nan an rufe bakin kowa daga faɗin Halleluya sai ranar Ista. Ko ka'idar coci ce, ko tsaurin malamin waƙarmu ne, oho, amma ko wajen koyo ba ma furta kalmar. Baki a rufe muke bin muryar, cikin hanci. Ni dai haushin abin nake ji, manya da mu muna ta gunji kamar ƙudan zuma.

Shekarar da ciwo ya kwantar da Mama, na ɗauko ta zuwa ɗakina a Gwandu, inda nake koyarwa. Tun ina goye take cikin mawaƙan cocin. Likita ya ja ni gefe ya ce da wuya ta ga Ista. Abu ɗaya na sa a raina: wallahi sai ta ji Halleluyar nan da kunnenta kafin ta tafi.

Na hau babur cikin zafin rana na sami malamin waƙa.

"Malama, azumi ake," ya ce. "Ba a yi."

"Malam, mutuwa ta san azumi ne?"

Na wuce shi fuu na tafi wajen Fada, limamin cocinmu. Fada ya ce babu laifi, a je a yi mata.

Ranar Talatar makon ƙarshe na azumi mawaƙan suka zo, mota cike. Suka tsaya a tsakar gida suna share zufa, maƙwabtana Musulmi suka aiko da tabarmi da ruwan randa. Na buɗe ƙofar ɗaki don ta ji sosai. Malam ya ɗaga hannu, kowa ya ja numfashi.

Sai Mama ta buga langar da ke gefen gadonta.

"Wa ya ce muku an yi Ista?" ta ce. Muryar ta shaƙe, amma kowa ya ji. "Ubangiji bai ko hau gicciye ba tukuna. Ku rufe baki ku yi yadda aka saba. Lahadi zan ji ta a coci."

Na durƙusa ina roƙonta, har tsawa na yi mata, ta juya fuska bango. Haka suka yi ta cikin hanci, tun daga farko har ƙarshe. Ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamar sautin nan ba, mutane cike da gida babu mai buɗe baki. Ita kuwa yatsanta na bin waƙar bisa zane.

Ranar Jumma'a da la'asar ta cika.

Lahadi na je coci, don zaman ɗakin ya gagare ni. Aka buga ganga, maza suka ɗauki Halleluya da ƙarfinsu, suka kai inda mata ke karɓa. Shiru. Ashe duk shekarun nan babu wadda ta san wurin shiga, numfashin Mama suke saurare su bi. Mata suka tsaya baki buɗe suna jira, mai ganga ya zagayo, ya sake zagayowa. Malam ya bar hannunsa a sama, yana kallon gefen benci inda babu kowa.

Ni ma jira nake. Na fi kowa sanin inda muka kwantar da ita, amma na kasa kunne.