Wankan jego a saman kan Baturiya

Shekarun baya, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, na je Ingila yi wa 'yata wankan jego. Ni da ban taɓa wuce birni ba, sai ga ni a jirgin sama da ƙunshin busasshen ganyen darbejiya da garin kunu da kanwa. Haihuwar fari ce. Mijinta mutumin Garo ne, malamin makaranta, ya tafi ƙaro karatu tun lokacin tsuke bakin aljihu, aiki ya riƙe shi a can.

Gidan tsoho ne, su a sama, wata tsohuwar Baturiya a ƙasa ita kaɗai. Na tarar surukina yana gyaransa da hannunsa in ya taso daga aiki. An kankare bango, gwangwanayen fenti ko'ina, ƙofofi an ciccire an jingine. Ku duba min, ni da suruki a gidan da babu ƙofa! Sai da na rataya zani a bakin ɗakina na iya kai loma.

Ranar da na sauka, ya durƙusa daga nesa ya ce, "Inna, na ɗaye ledar ƙasan banɗakin nan, katako ne zalla. Don Allah ruwa ya tsaya a cikin baho."

Na ce, "To, Malam," kaina a sunkuye. Kunya ba ta bar ni na tambayi dalili ba. Na ɗauka tsabta yake nufi.

To wanda ya san wankan jego ya san hannu na son fili. Ganye ake tsomawa a tafasasshen ruwa a fyaɗa wa mai jego, safe da yamma, kwana arba'in. A cikin wannan kwamin nasu ko gwiwar hannu ba ta juyawa. Sai na kifa bokiti a tsakar banɗakin na ce wa 'yata ta zauna.

"Inna, ya ce fa a baho."

"Zauna ke dai. In mun gama na goge masa tas."

Na kuwa goge. Har ina yabon katakon a raina, wai yana shan ruwa kamar ƙasarmu ta Lakwaya.

Kwana na huɗu da hantsi aka buga ƙofar waje. Baturiyar ce, riƙe da tukunya cike da ruwa kore-kore. Ta nuna tukunyar, ta nuna sama, ta nuna kanta. 'Yata ta dafe ƙirji ta ce, "Inna, ruwanmu ne. Ta rufin ɗakinta yake ɗiga, har kan teburin cin abincinta." Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Surukina bai yi faɗa ba. Cewa ya yi a dakata da wankan sai ya gama shimfiɗa ƙasan, kamar wata guda. Wata guda! Me ya rage na jegon? Na kalli yarinyar nan a garin da sanyi ke shiga ƙashi, na ce in na koma gida sanyi ya kama ta, da wane ido zan dubi mahaifiyata, wadda ta yi min nawa har sau bakwai?

Washegari na dama kunun kanwa, na sa mayafi na sauka ni kaɗai. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, Hausa zalla, don haka hannu ne ya yi magana. Na durƙusa na miƙa kwanon. Na rungumi iska kamar jariri, na nuna ganyen, na fyaɗa a kafaɗata. Matar nan ta daɗe tana kallona. Can ta kama hannuna ta kai ni wani ɗan ɗakin wanki a bayan kicin ɗinta. Ta buga ƙafa a ƙasa sau biyu. Siminti ne, ga rariya a lungu.

A nan muka ƙarasa kwanakinmu. Kafin mu sauko ta ɗora ruwa, muna ciki tana jijjiga jikana. Kunun dai kurɓa ɗaya ta yi ta yamutsa fuska, ba ta ƙara ba. Surukina ya sauka ya yi mata sabon fenti a rufin, yana bisa tsani yana cewa, "Inna, da gida ɗaya nake gyarawa, kin mayar min biyu." Na ja mayafi na rufe baki.

Ranar arba'in muna gamawa, sai Baturiyar ta zauna a kan bokitin, ta naɗe siket ta nuna gwiwoyinta. 'Yata ta ce, "Wai ita ma a taɓa mata, sun daɗe suna ciwo." Na sirka ruwan na fyaɗa mata a hankali, tana ihu tana dariya.

Ta rasu tuni, 'yata ce ta sanar da ni, kuma na yi kuka kamar 'yar ɗakinmu. Ko sunanta ban iya faɗa daidai ba. Abin da ta bar min shi ne, yanzu in an ce min kar in yi abu, nakan daure in tambayi dalili, ko da suruki ne. Kuma har yau in zan watsar da ruwa a tsakar gida sai hannuna ya ɗan tsaya, kamar akwai mutum a ƙasana.