Ɗan farin Inna bai dawo shuka ba

A garinmu, kusa da Affala, duk namijin da ya isa ɗaukar jaka yana tafiya cirani da an gama yankan gero. Yayana ma ya tafi Aljeriya aikin gini. Shi ne ɗan farin Inna, don haka ba ta kiran sunansa, ba ta tambayar labarinsa a gaban mutane. In ya bugo waya sai ta ce min, "Ga wancan naku," ta koma bakin turmi, amma daka ba ya tafiya sai an kashe wayar. Mukan yi mata dariya.

Sai waya ta ɗauke. Ruwan shuka ya sauka, 'yan cirani suka dawo, shi shiru.

Wata rana aka ce an koro mutanenmu daga Aljeriya, motar Agadas ta sauke su a Tawa, har da ɗan maƙwabcinmu da suka tafi tare da yayana. Inna ta dama fura, ta ce in raka ta barka. Mun same shi a zaure, ya rame, tafin ƙafarsa duk ya tsage. Inna ta tambayi gajiyar hanya, ta tambayi zafin ƙasar, ta tambayi 'ya'yan mutane gida-gida. Nata kaɗai ta tsallake. Shi kuwa yana amsawa yana kallon tabarma. Da muka fito ta ce, "Da akwai wani abu, ai da ya hwaɗi." Haushinsu ya kama ni su duka biyun.

Washegari na koma ni kaɗai, na tambaye shi kai tsaye. Ya ce yayana ya faɗo daga saman bene, allon da suke takawa ne ya karye. Mai ginin ya hana a kai shi asibiti, saboda babu mai takarda a cikinsu, kada hukuma ta zo masa. Da rai ya yi halinsa, mai ginin ya sa aka ɗauke shi a mota. Su kuma suka ji tsoron bin sawu, kada a kama su. Daga baya ma kama su ɗin aka yi.

Ban san Inna ta biyo ni ba. Tana tsaye a bakin zaure. Na zaci za ta faɗi, ba ta faɗi ba. Ta shigo ta zauna, ta dube shi.

"Ɗana, gaya min gaskiya. An yi mai wanka? An yi mai salla?"

Ya ce, "Inna, wallahi ban sani ba. Ba mu ga inda anka kai shi ba."

Ni ina ta kuka. Can Inna ta ce a hankali, "Ko kare in ya mutu garin mutane, ana sanin inda anka yada shi."