Murjanin Inna a Gindin Randa

Inna tana da zaren murjani guda, ja wur, wanda ta zo da shi daga gidansu a Horo Birni ranar da aka kawo ta Bodinga. Wata shekara zaren ya tsinke a bakin rijiya, rabin ƙwayoyin suka zube ciki. Tun ina yarinya nake jin ƙorafin rabin nan, har na haddace shi.

Shi ya sa da na gaya mata jami'a za ta kai mu Bahar Maliya, ta gefen Masar, mu yi nazarin halittun ruwa a inda murjani ke tsirowa, ko tambayar na iya iyo ba ta yi ba. Ta dai tuna min ruwan da ya ci Fir'auna ne, in riƙe addu'a, sannan ta faɗi tsarabarta: in tsinko mata abin da zai cike zaren. A lokacin, ciwon da ke shanye mata jini ya riga ya kama ta, tafin hannunta ya yi fari kamar na wadda ta gama tankaɗe.

Ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba, sai ga ni an ɗaura min rigar hana nutsewa, an rufe min ido da hanci da tabarau na roba, an cusa min bututu a baki wai ta nan zan yi numfashi. Ruwan gishirin da na sha ranar farko, Allah kaɗai ya sani. Amma da na saba, na kwanta rub-da-ciki a kan ruwa na leƙa ƙasa, wallahi sai na manta da tsoro. Kifaye shuɗi da rawaya ne ke ta shige da fice kamar ranar kasuwa. Ashe murjani ba ƙwaya ba ne, rassa ne da tuddai. Na duba har idona ya gaji, ban ga ja irin na Inna ba.

Malamarmu, wata Bamisira da ba ta san wasa ba, ta ce wancan jan a ƙasan wani teku yake, nan kuma duk wanda ya ɓalli reshe ya kuka da kansa. Ta kai mu wani gefe inda komai ya yi fari fat, kifi ma ya ƙaurace. Ta ce murjani abu ne mai rai. In ruwa ya yi zafi launinsa ya zube, in sanyi ya dawo da wuri yana iya farfaɗowa, in an daɗe kuwa shi ke nan.

Abin da na samu na kawo ɗan guntu ne fari, tsawon yatsa, da ruwa ya watso bakin gaɓa. Malamar ta ce in ɗauka, ya daɗe da mutuwa.

Inna ta yi ta jujjuya shi a hannu. Don kada ta ji na raina tsarabarta na zauna ina ta bayani, bakina ya ja ni har na kawo maganar zafi da sanyi. Nan fa ta riƙe. Na ce wannan kam ya mutu, ta ce ni na yi masa wanka? Ta wanke ƙwarya, ta ɗebi ruwan randa, ta barbaɗa gishiri tunda na ce ruwan can na gishiri ne, ta saka shi ciki ta rufe da faifai, ta ajiye a gindin randa inda sanyi yake. Kullum da safe sai ta canja ruwan, yadda Baba ke lallaɓa irin albasarsa.

Abin ya riƙa ba ni haushi. Mace ba ta iya ɗaga buta, amma ta rarrafa ta yi wa dutse hidima! Rannan na buɗe baki na yi faɗa sosai. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Ke dai ba ki da haƙuri. Zahi ad dame shi, kamar ni. Bari shi sha sanyi, tare za mu yi ja."

Daga ranar na kama bakina.

Da ta kasa tashi, canjin ruwan ya dawo kaina. In kai mata ƙwaryar bakin gado, ta leƙa ta tambaya ko ya fara, in ce da saura. Tsoro nake ji ƙwarai, don na san abin da take tambaya. Wata safiya ta daɗe tana kallo, idanunta sun riga sun yi rauni, sai ta nuna bakin reshen ta ce ga ja nan ya soma fitowa. Na duba. Fari ne fat, yadda na tsinto shi.

"Na gani, Inna," na ce.

Ta yi murmushi, ta ce in nemo sabon zare mai ƙarfi in ajiye. Ba ta kai Juma'a ba.

Bayan sadakar uku, gwaggona da ta zo daga Shagari tana gyaran ɗaki ta zubar da ruwan, ta miƙo min guntun tana tambaya ƙashin mene ne wannan aka jiƙa. Na karɓi ƙwaryar na tsaya a bakin randa. Na san abin da malamar ta ce, na kuma rubuta shi a jarrabawa na ci. Na ɗebi ruwa na zuba, na ce a miƙo min gishiri.