Ranar da Surukina Ya Juya Mini Baya a Gidan Abincin Japanawa

Shekarun baya, lokacin da duniya ta taru a Doha don gasar cin kofin duniya, na yi wani abu da har yau idan matata tana son ta kashe mini baki shi take ɗaukowa. Tunda kun matsa sai na ba ku labarin, to ga shi, amma duk wanda ya yi dariya ban yafe ba.

Na yi aure 'yan watanni kafin korona. Na dawo bakin aikina a Doha, inda nake gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a wani kamfani, na bar amarya a Kano da niyyar in kammala takardu ta biyo ni. Sai ga ciki. Ta tafi Haɗeja gidan iyayenta haihuwar fari kamar yadda aka saba, sai kuma aka rufe duniya. A waya na fara ganin 'yata, a waya ta yi haƙori, a waya ta fara tafiya. Da aka buɗe hanya na je na gan su, na kuma tura kawuna ya nemar mini izinin tafiya da iyalina. Surukina bai ce a'a ba. Cewa ya yi ba a kai mace inda ba a gani ba, idan ya ga wurin da idonsa sai a yi magana. Na san matata ce, amma ban ga idon da zan kalli dattijon nan da shi in gaya masa haka ba, don haka na dawo Doha ni kaɗai.

Baba, kamar yadda nake kiran sa, ya tsufa a harkar kifi. Ya yi su, ya yi banda, ya yi dillanci, kuma ba mai yawan magana ba ne. Tsakanina da shi akwai kunya irin ta da. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba. Idan na je Haɗeja, ɗaki daban ake kai mini abinci, in rufe ƙofa in ci kamar wanda ya sato.

Ƙanen matata mayen ƙwallo ne. Duk da Najeriya ba ta samu zuwa gasar ba, sai da ya nemo tikiti biyu, nasa da na Baba, domin a lokacin mai tikiti yana samun shiga ƙasar, daga nan kuma ya wuce umara. Baba bai san gola ba, bai san alƙalin wasa ba. Ni ya zo gani, kuma kowa ya san haka.

Ranar farko ya ce a kai shi inda nake kwana. Na yi ta kame-kame, amma dole na kai shi Bin Omran. Mu huɗu ne a ɗaki, gado kan gado, ga risho ɗaya a lungu da mutanen ɗakuna uku suke bin layi a kansa. Na shiga bayani cewa kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya yi alkawarin takardar da zan kama gidan iyali da ita. Baba ya kalli gadajen, ya kalli rishon, ya ce, "Allah ya rufa asiri."  Ni kuwa na ji a jikina cewa an gama da ni, 'yata za ta shiga makaranta ban taɓa ɗaukar ta a kafaɗa na wata guda cur ba.

Abokina da muke ɗaki ɗaya, direba ne, shi ya kawo shawara. Ya ce, "Kai ma ka cika sanyi. Ka kai tsohon nan wurin cin abinci na manya, ya ga ba a banza kake zaune a ƙasar nan ba. Ba kai ne gwanin abincin Japan ba?"

Wannan gwanintar ga asalinta. Lokacin kulle na gano wani ɗan ƙaramin gidan abincin Japanawa a Al Gharrafa da ke aiko da abinci har ƙofa. Abu biyu kawai na taɓa saya a wurinsu, soyayyiyar shinkafa da kaza, sai taliya mai romo. Amma da yake 'yan ɗakinmu ba su wuce shinkafa da wake ba, sai na zama malami. Har koya musu riƙe tsinkayen cin abincin nake yi, alhali idan sun fita cokali nake ɗauka.

Na buga waya. Aka ce 'yan kallon ƙwallo sun cika tebura duka, kujerun gaban kanta kawai suka rage, inda kuku da kansa yake zaɓar abin da mutum zai ci. Na ce shi ke nan, a ajiye mini uku. Dabarata mai sauƙi ce: in zaunar da Baba, ƙanen matata ya zauna a tsakaninmu, idan an kawo abinci in ɗauki waya in fita kamar ana nema na a wurin aiki, su ci su ƙoshi, in dawo in yi godiya.

Da safen ranar sai ga saƙo daga ƙanen matata. Wai wani ya ba shi tikitin wasan Senegal, in yi haƙuri in kai Baba ni kaɗai, ai mu duka manya ne. Har yau ban gama yafe masa ba.

Bayan azahar muka isa. Wurin ɗan ƙarami ne, tsaf-tsaf. Aka zaunar da mu kafaɗa da kafaɗa a kan kujeru masu juyawa, kusancin da ban taɓa yi da Baba ba ko a sahun salla. Kukun wani dattijon Bajapane ne mai furfura. Ya rusuna mana, Baba ya dafa ƙirji ya rusuna, kukun ya ƙara rusunawa, Baba ma ya ƙara. Ba don an kawo mana tawul mai ɗumi na goge hannu ba, ina jin da la'asar ta same su a haka.

Kukun ya fito da wani yankin kifi ja wur, ya zaro doguwar wuƙa. Baba ya miƙa wuya yana kallo. Can ya ce a hankali, "Malam, ina wutar?"

Na duba dama, na duba hagu. Babu murhu, babu kasko, babu ko ashana.

"Ina jin a ciki take, Baba."

Ba a ciki take ba. Kukun ya yanko kifin siriri, ya dunƙula 'yar shinkafa a tafin hannu, ya ɗora shi a kai, ya ajiye ɗaya a katakon gaban Baba, ɗaya a nawa. Sushi kenan, wanda na sha gani a hoto ban taɓa yarda ya shigo ɗakinmu ba.  Na ɗauko mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gasa kifi a kan banda, na kawo shi inda za a ba shi ɗanye, kuma a hannunsa maganar iyalina take.

"Ɗanye ne?" in ji Baba.

"E, Baba. Haka suke ci. Amma in kun fi so, sai mu tashi."

Bai ko kalle ni ba. Ya ture tsinkayen gefe, ya sa hannu ya ɗauka, ya shinshina, ya ɗan danna da yatsa. Ya ce, "Kifin nan bai daɗe da barin ruwa ba. Mutumin nan ba ya cuta." Ya yi bisimilla ya jefa a baki. Ya tauna a natse, ya gyaɗa kai. Kukun ya washe baki, ashe ma da hannun aka fi so a ci.

Daga nan ya juyo kaina ya tsaya yana jira. Ya ce da Turancinsa guntu-guntu in ci yanzu, tun shinkafar da ɗuminta. Na zaro waya na kara a kunne na fita waje. Na yi minti biyar ina magana da wayar da ba kowa a cikinta. Da na dawo, kukun ya ɗauke nawa ya zubar, ya yanko sabo ya ajiye mini, wai wancan ya huce. Na sake fita. Na dawo, ya sake zubarwa, ya sake yankowa.

Baba ya ce, "Me ya sa yake zubar da kifi?"

"Wai idan ya jima ba a ci ba ya lalace, Baba."

"A'uzubillahi."

Kukun kuwa fuskarsa ta sauya. Ya ajiye wuƙa ya tambaye ni ko akwai abin da ke damun kifinsa. Na ga mutumin nan da gaske ransa ya ɓaci, irin ɓacin ran mai sana'ar da aka raina wa aiki. Dole na sunkuyar da kai na yi masa bayani cewa wannan mahaifin matata ne, kuma a wurinmu mutum ba ya cin abinci a gaban surukinsa. Ya kalli Baba, ya rusuna sosai. Sai dai ya tsaya riƙe da kifi a hannu, bai san inda zai kai shi ba.

"Me ka ce masa?" in ji Baba.

Na gaya masa, murya ƙasa-ƙasa, ina kallon takalmina.

Baba ya ɗauki katakon abincinsa ya ɗora a cinya, ya tokare ƙafa a ƙasa, ya juya kujerarsa har ya ba ni baya gaba ɗaya. Sannan ya ce, "Malam, ni bango nake kallo. Abin da ke bayana ba ruwana da shi. Kada a ƙara zubar da kifin bawan Allah."

To, a nan zan gaya muku gaskiya. Kunyar nan da nake ta fama da ita, rabi ce kawai. Ɗaya rabin tsoron ɗanyen kifi ne. Tun da aka ajiye na farko nake gode wa Allah da ya ba ni al'adar da zan fake a bayanta, sai ga shi Baba ya yaye mini ita da juyi ɗaya.

Na kalli kifin. A gefensa akwai wani ɗan koren abu da suke kira wasabi. Ni Bakano ne, kuma ban san a ci nama ba yaji ba. Na ce a raina ai wannan shi ne yajinsu, in na sa da yawa zai kashe ƙarnin. Na birkiɗa kifin a ciki gaba da baya kamar yadda mai tsire yake yi, na kwashe har ragowar, na rufe ido na tura. Na ji kukun ya ce wani abu da sauri, amma ya makara.

Yajinmu a harshe yake tsayawa ya yi aikinsa. Wannan bai bi ta kan harshe ba, kai tsaye ya haura hanci ya wuce tsakiyar kai. Ga shi ba damar tari, ba damar ihu, ba damar tofarwa, surukina yana nan taku ɗaya. Na riƙe bakin kanta da hannu biyu, hawaye na zuba, ina ta salati a zuci. Kukun ya turo mini kofin shayi, Allah ya saka masa.

Da idona ya ɗan washe sai na ga kafaɗun Baba suna rawa. Na ɗaga kai. Ashe bangon da ya ce yana kallo madubi ne tun daga sama har ƙasa. Muka haɗa ido a ciki, ya yi maza ya sunkuya kan kifinsa.

Haka muka ƙarasa cin abincin, shi yana gaba ina kallon ƙeyarsa. Kukun yana miƙa masa nasa ta gefe. Kuma abin haushin, kifin da daɗi. Kafin mu tashi Baba ya fito da waya ya nuna wa kukun hoton bandarsa ta Haɗeja cike da tarwaɗa. Ba wanda ke jin yaren wani, amma sun fi minti goma suna hira da hannu, ni tafintan ina gefe ina share hanci.

Muka shiga mota. Na tuƙa ina lissafin yadda zan gaya wa matata cewa na ɓata komai, na nuna wa mahaifinta gado kan gado, na ba shi ɗanyen kifi, na kuma yi kuka a gabansa. Sai da muka tsaya ƙofar masaukinsu a Fereej Abdel Aziz, Baba ya kama murfin mota, sannan ya ce, "Malam."

"Na'am, Baba."

"Mutanen nan suna da kifi mai kyau. Mai dafawa ce babu."  "Ka nemi gida mai kicin. Ita ta iya miyar kifi, a hannun uwarta ta koya. In ka samu, sai ka aiko a sa rana."

Ya fita ya rufe ƙofa. Na zauna a motar nan na sake yin hawaye, wannan karon ba wasabi.

Wata uku bayan haka na tarbi matata da 'yata a filin jirgi. Sai da muka yi shekara tare na tona wa matata asirin cewa kunyar ranar nan rabinta tsoro ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce ai tun ranar da Baba ya dawo ya ba mahaifiyarta labari. Ya ce yaron nan rabi kunya ce, rabi tsoro, amma wanda ya riƙe rabin kunyarsa a ƙasar da ba wanda ya san shi, rabin ya isa a ba shi amana.

Na ɗauka sai na nuna masa ni wani ne kafin ya yarda da ni. Ashe ba abin da ya zo dubawa kenan ba, kuma duk ƙaryar da na shirya masa ya gan ta sarai ya yi shiru. Baba ya rasu bara, Allah ya jiƙansa da rahama. Nakan kai iyalina gidan abincin nan jefi-jefi, kukun yana nan, kuma da ya gan ni yake janye wasabi daga gabana. Ni kuwa ba na iya zama ban kalli madubin nan ba. Sau ɗaya tak na taɓa cin abinci tare da surukina a duniya, kuma ƙeyarsa na kalla, amma ban taɓa zama kusa da shi kamar ranar ba.