Ramin da Aka Ɓoye Wa Inna

Ni ban yi karatu ba, jikata ce take rubuta mini wannan. Na ce mata ta sa shi yadda na faɗa, ko na tsaya kuka ta jira ni.

Sa'ad da aka kawo ni gidan Malam, a wani ƙauye can bayan Maruta ta wajen duwatsu, gonarmu ba gona ba ce, ramukan kuza ne. Maza su shiga ƙasa da igiya su turo yashi a kwando, mu mata mu kai rafi mu wanke a ƙwarya har baƙin ƙarfen nan mai nauyi ya kwanta a gindi. Malam da ƙaninsa suna aiki tare. Rami bakwai suka haƙa, kowanne ya fi rijiyar masallaci zurfi.

Na bakwai ɗin ya rufta da ƙanin, da hantsi, ina gida ina jego. Kwana biyu ana tono, ƙasa tana ƙara zubowa, har liman ya ce a bari kada a ƙara wani. Aka yi masa salla daga sama.

Uwarsu, Inna, ta fita hayyacinta. Kullum sai an kamo ta a hanyar gona, tana cewa yana jin ƙishirwa, za ta kai masa ruwa. Maza suka ji tsoron kada ta faɗa ciki. Da kuza ta ƙare, sai suka jera azarar giginya a bakin kowane rami, suka tula ƙasa a kai, don a samu wurin shuka. Ba su cike su ba, rufewa kawai suka yi. Shida suka sa musu dutse don alama. Na bakwai suka share shi ƙal, suka shuka gero a kansa, suka yi alkawarin ba za a nuna wa mace ko ɗaya ba, don kada maganar ta kai kunnen Inna. Ta yi ta yawo cikin gero tana nema har Allah ya karɓi ranta.

Shekaru suka wuce, Malam yana noma. Na lura in ya zo gabashin gona yakan karkatar da shanun huɗa, amma ban taɓa kula daidai ina ba. Sau ɗaya na tambaye shi, muna cin tuwo. Ya ce mini mata da son jin abin da bai shafe su ba, in zuba masa miya. Na yi dariya na bari. Wayyo, da na nace.

Bara waccan ɓarin jikinsa ya shanye. Muka kai shi asibiti Birnin Kudu, harshe ya riga ya karye. Babban ɗanmu ya durƙusa ya ce, "Baba, ina ramin yake?" Ya ɗaga hannun da ya rage masa, ya nuna bango, hawaye na zuba. Kwana huɗu ya yi, ya cika. Duk waɗanda aka yi rufin da su sun riga shi tafiya.

Ina cikin takaba ruwan farko ya sauka, ɗaya daga cikin masu dutsen ya buɗe da kansa. Gara ta cinye azarar, ta zama gari. Na leƙa bayan na fita takaba, wani sanyi ya bugo ni daga ciki, mai irin warin rigar Malam in ya fito daga ƙasa. Sauran biyar yara suka tone suka cike da duwatsu. Saura wanda ba mu san inda yake ba.

Na ce a bar gabashin gona ya huta. Ɗana ya ce, "Inna, wajen nan ne mai dawa. Mu goma sha ne a gidan nan, me za mu ci?" Gaskiyarsa. Sun bi da ƙarfen rodi suna soka ƙasa, ba su ji komai ba. Matarsa ma har tsokanata take yi, wai na mai da gona kabari. To ai kabari ne. Duk lokacin da jikokina suka tafi kai abinci, ina zaune bakin zaure ina ƙirga su har su dawo. Wani lokaci da rana tsaka nakan ji kamar ana jan igiya a ƙasan ƙafata.

Saboda haka bana, da ruwa ya jiƙa ƙasa, na ɗauki sandata na riga su fita. Na ce babu dabba ko mutum da zai taka kunya sai na fara taka ta. Ɗana ya yi faɗa, ya roƙe ni, ya ce mutane za su zage shi. Na ce ya bari su zaga. Ina gaba ina buga sanda ina saurare, shanu na biye da ni a hankali. Ni ba ni da nauyi, na sani, mai yiwuwa ƙasar ta ɗauke ni ta ƙi ɗaukar shanu. Amma abin da nake da shi ke nan.

Kunya goma sha tara muka yi jiya, ƙafata ta kumbura. Ba mu kai rabi ba.